Auna daidaituwar agogon ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya

Malama, kin tambaya daga ɗakin gwajinku a Kaduna yadda za ki gane ko agogon awa 24 na ƙwayoyin halittarki yana tafiya tare, alhali bugun kowace ƙwaya, wato hawa da saukar hasken da take fitarwa, cike yake da hargitsi.

Kada ki dogara da jimillar hasken da ƙwayoyin cikin farantin gwaji ke fitarwa. In bugunsa ya dushe, sau da yawa rarrabuwa ƙwayoyin suka yi, kowace tana nan tana bugawa. Ki riƙa ɗaukar hoto duk minti 30 har kwana 5, ki bi kowace ƙwaya ita kaɗai. Ki debe matsakaicin awa 24 daga siginar, ki fitar da matakin zagaye, wato inda kowace ƙwaya take a zagayenta na awa 24, da dabarar lissafi mai suna Hilbert, ki watsar da farko da ƙarshen bayanan domin nan lissafin ke karkacewa. Sai ki haɗa matakan ƙwayoyin duka a ma'aunin Kuramoto, wato R, mai nuna yadda suka daidaita: 1 cikakkiyar daidaituwa ce, 0 rarrabuwa.

A kula sosai, ƙwayoyi 25 da babu ruwansu da juna za su ba ki R kusan 0.18, ƙwayoyi 100 kuma kusan 0.09. Da wannan za ki gwada sakamakonki.

Ɗauke wuta ma matsala ce babba. In zafin na'urar reno ya sauka daga digiri 37, agogon dukansu kan sake saituwa lokaci guda, R ya tashi ba tare da sun yi tasiri a kan juna ba. Canza musu ruwan abinci ma haka yake yi.