Tambaya da Amsa: Shin Ƙara Tsawon Tiyo Yana Rage Ƙarfin Injin Zuƙe Ƙura?

Tambaya: Ni nake kula da sharar masallacin unguwarmu. Ina so in ƙara wa injin zuƙe ƙura tiyo mai tsawon mita 6, domin in daina jan injin daga sahu zuwa sahu. Shin ƙarfinsa zai ragu?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Aikin injin zai ragu, amma gwajin da aka saba yi ba zai nuna maka hakan ba. Idan ka toshe bakin tiyon da tafin hannu, za ka ji yana ja kamar da, ko tiyon gajere ne ko dogo, matuƙar ba ya yoyo, domin iskar ta tsaya. Abin da yake ɗauke yashi daga darduma shi ne iskar da take gudu, kuma a nan tsawo yake yin ɓarna. Iska tana gogar bangon tiyo tun daga baki har zuwa injin, ta yadda idan aka ninka tsawon, asarar matsi ma ta kusa ninkawa muddin yawan iskar bai sauya ba. Tiyo mai ƙunya-ƙunya a ciki ya fi mai santsi cin ƙarfi, haka ma kowace lanƙwasa.

Faɗi ya fi tsawo tasiri nesa ba kusa ba. Yawancin injinan gida suna zuwa da tiyo mai faɗin milimita 32 ko 35, tsawonsa wajen mita 2. Idan aka koma milimita 50 daga 32, lissafi ya nuna asarar tana raguwa kusan sau 9. Sai dai iska tana rage gudu a tiyo mai faɗi, saboda haka yashi mai nauyi yakan kwanta a ciki idan injin ƙarami ne.

Akwai kuma batun zafi. Injinan gida da yawa da iskar da suke zuƙa suke sanyaya kansu, don haka tiyo dogo siriri, ga matatar da ƙurar hunturu ta toshe, yana iya sa injin ya yi zafi ya kashe kansa ko ya ƙone.

A ganina, ka ƙara tsawon wayar lantarki ka bar tiyon yadda yake, domin ya fi sauƙi da arha. Idan ƙarin ya zama dole, ka nemi tiyo mai faɗi da santsin ciki, ka ɗaure mahaɗar sosai, ka riƙa miƙar da shi lokacin aiki, sannan ka kakkaɓe matatar kafin kowace shara.