Game da "thou" da "wherefore" a wasannin Shakespeare

Malam, ka ce tsofaffin kalmomin Turanci na wasannin kwaikwayon Shakespeare, marubucin Ingila wanda ya rasu a 1616, suna rikita ka. Ni ma sun sha ba ni wuya. "Thou" da "thee" na nufin kai ko ke, ana faɗa wa aboki, yaro ko bara. "You" kuwa ta girmamawa ce, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Idan mutum ya sauya daga "you" zuwa "thou" ana tsakiyar magana, ka lura sosai, ko ƙauna ce ta motsa ko raini. "Wherefore" ba "ina" take nufi ba, "don me" ce. "Hath" kuma ita ce "has" ta yau. Ka nemi bugu mai bayani a ƙasan shafi.