Tambaya da Amsa: Ɗana zai kai ni kallon besbol a Amurka, me zan tarar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye a gefen Ringim, Jihar Jigawa, jikana ne yake rubuta min wannan a waya. Ɗana na fari yana aiki a Niyok, ya nema min biza Allah yasa an dace, zan je wajensa a watan Mayu in dawo kafin ruwa ya zauna saboda shuka. To tun yanzu yake ta cewa zai kai ni kallon wani wasa wai besbol a filin wata ƙungiya wai Yankees. Ya turo bidiyo na kalla, ni dai banga komai ba sai mutane a tsaitsaye, wani ya yi jifa wani ya kai duka da gora, shikenan kowa ya koma ya tsaya. Nace masa ya bar kuɗinsa yace sam. Don Allah meye wannan wasan, kuma ya dace dattijo kamata ya je? Ga maganar sallah da abinci.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Ka je Baba, wallahi ka je. Yaron da ya daɗe rabonsa da gida so yake ya zauna kusa da mahaifinsa ba aiki ba gaggawa, kuma a wasannin Amurkawa babu wanda yake bada wannan damar kamar besbol, don wasa ne da ake kallonsa ana hira. Na zauna a irin filayen nan lokacin ina karatu a can kuma har yau ina bin wasan.

Bidiyon nan bai yi ƙarya ba, akwai tsaye-tsaye da yawa. Amma ka tuna filin dambe, yadda 'yan dambe biyu za su daɗe suna zagaya juna kowa na auna ɗan'uwansa, baƙo yace ba a yin komai, ɗan gari kuwa idonsa ƙur don ya san kafin ƙiftawar ido za a iya yin kisa. To haka abin yake tsakanin mai jifa da mai gora. Mai jifa yana kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, tsakaninsa da mai gora mita 18 ne da ɗan kai, ƙwallon da zai sako kuwa takan yi gudun kilomita 150 a awa, wasu ma har 160 suke kaiwa, kaga ko rabin sakan ba ta yi ta iso. Kuma ba kullum a miƙe take zuwa ba, wata sai ta zo dab ta sunkuya ƙasa, wata ta karkace gefe, wata kuma ya ɗaga hannu kamar zai sako da ƙarfi sai ta taho a hankali, shi mai gora ya riga ya kai duka a iska. Akwai kuma wani da yake tsugune a bayan mai gora da safar hannu da kariyar fuska, shi ne suke shawara da mai jifa kan irin wacce za a sako. Shi yasa mai gorar da zai fito sau 10 ya dace sau 3 sunansa gwani, duk ƙasar an san shi. Ni dai nan daɗin yake a wajena, in zuba ido in ga wa zai yaudari wani.

Ƙa'idar ba wuya. Kowace ƙungiya mutum 9, ɗaya tana duka ɗaya tana tsaron fili. Akwai tasha huɗu, ta huɗun ita ce gida inda mai gora yake tsaye, tsakanin kowace da ta gaba ƙafa 90. In ya doki ƙwallo sai ya yar da gora ya sheƙa tasha ta farko, wanda ya zagaye su duka ya dawo gida ya ci maki ɗaya. In an cafe ƙwallonsa a sama ya fita, in ƙwallo ta riga shi isa tasha ta farko ya fita, in jifa mai kyau ta wuce shi sau 3 ya fita, in kuma mai jifa ne ya kauce sau 4 sai a ba shi tasha ta farko kyauta. Mutum 3 suka fita sai a yi musanya. Kowa ya yi duka ya yi tsaro an yi turmi ɗaya kenan, turmi 9 ake yi, kuma babu kunnen doki, in an tashi daidai ƙarawa ake yi har sai wani ya ci. Sauran ɗanka zai nuna maka a allon fili.

Abinda kowa yake jira shine a doki ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo. Ƙarar gorar ma daban take, tas ɗaya zaka ji, kafin ka gano inda ƙwallon take mutum dubu arba'in da wani abu sun miƙe suna ihu, wanda baka taɓa gani ba zai juyo ya miƙo maka hannu ku tafa. Ka sa ido kan wani dogo mai lamba 99, Aaron Judge, shine kyaftin ɗin Yankees, a 2022 sau 62 ya yi irin wannan dukan. Kuma duk ƙwallon da ta faɗo cikin mutane ta wanda ya kama ce, gida zai tafi da ita, shi yasa zaka ga yara har da manya sun zo da safar hannunsu. Amma Baba ka kula, ƙwallon nan tauri gare ta, duk da an sa raga a kujerun kusa kar ka ɗauke ido lokacin da ake jifa.

Filin da za ku je a unguwar Bronx yake, a 2009 aka buɗe shi kusa da inda tsohon yake, jirgin ƙasa mai lamba 4 ko D yana sauke mutum a bakinsa. Yankees ɗin nan sau 27 suka ɗauki kofin ƙarshe, babu mai yawansu. Kai manomi ne, na san ciyawar filin ce za ta fara ɗaukar hankalinka, kore shar an aske ta layi-layi, ga ma'aikata suna yayyafa wa jar ƙasar ruwa kafin a fara, a tsakiyar wasa ma su sake fitowa su baje ta. Kafin wasa za a yi taken ƙasa kowa ya miƙe, a tsakiyar turmi na 7 kuma duk fili zai sake miƙewa a miƙe ƙafa ana rera waƙa, al'adarsu ce tun da daɗewa. A da wasa yakan wuce awa 3, amma tun 2023 da aka sa wa mai jifa agogo ya dawo wajen awa 2 da minti 40.

Yanzu maganar da ta fi damunka, kuma ba zan ɓoye maka komai ba. Ana sayar da giya a filin kuma ana sha sosai, mai yiwuwa na kusa da kai ma yana riƙe da kofinsa, wasu filayen suna ware ɓangaren da ba a sha, ɗanka ya bincika kafin ya yanki tikiti. Abincin da suka fi ci shine hotdog, wato burodi da nama a tsakiya, wani akwai naman alade a ciki, don haka ku ci abincinku kafin ku shiga, masu sayar da halal a bakin titi sun yi yawa a Niyok. A ciki kuwa ka riƙe gyaɗa, ita ce abin taɓawar besbol tun asali, soyayyiya da ɓawonta, a ɓare a zubar da ɓawon a ƙarƙashin kujera.

Sallah ita ce sai an yi tsari. Wasan dare wajen ƙarfe 7 ake farawa, a watan Mayu kuma rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 8, kenan magariba a tsakiyar wasa za ta same ku, kuma yawanci in ka fita daga fili ba a barinka ka dawo. Ni shawarata ku zaɓi wasan rana na Asabar ko Lahadi wanda ake farawa wajen ƙarfe 1, ku fita da alwala, in lokaci ya yi ku nemi lungu a baranda ku yi sallarku, hukuncin haɗa sallah ga matafiyi kuma ka tambayi limaminku kafin ka tashi. Samun ranar ba zai yi wuya ba, wasa 162 kowace ƙungiya take yi a kakar wasa ɗaya, 81 a gida. Kujerun sama sun fi araha amma matakalar tana da tsayi, ɗanka ya nemi a nuna muku lif. Ka tafi da rigar sanyi ko da rana ce, iskar can ba irin ta Ringim ba ce. Kuma gara da ka zaɓi Mayu, da sai bayan girbi ka ce, to ka tarar an rufe kakar wasa, don ƙarshen Satumba ake gama wasannin yau da kullum, Oktoba na neman kofi ne.

TAMBAYA: Salam yayana, ina da gidan kallon ƙwallo a Bichi. Wai akwai baƙar fata a besbol? Kuma ana faɗawa rukuni na biyu kamar Firimiya? In na haska za a kalla?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ƙara kasuwa. Akwai su sosai, amma da wahala aka shiga. Sai ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya karya shingen wariyar da ya hana baƙar fata buga babbar gasar, ya sha zagi da barazana ya daure, a 1997 aka jingine lambarsa 42 a duk ƙungiyoyi, yanzu duk 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ita yake sawa. Haifaffen Afirka na farko kuwa sai 2017, Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu, a ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Baƙin da suka fi yawa daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Kuba suke, ga kuma 'yan Japan irin su Shohei Ohtani wanda ƙungiyar Dodgers ta ba kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10 a ƙarshen 2023.

Ba a faɗawa ko'ina, ƙungiya 30 ne, 29 a Amurka ɗaya a Toronto ta Kanada, ko ta ƙarshe ka zo baɗi kana nan. Haskawa kuwa matsalarka lokaci ne, ƙarfe 7 na yamma a Niyok 12 na dare ne a Bichi, ba wanda zai zo ga kuɗin mai. Ka gwada na ranar Lahadi da yake kamawa wajen 6 na yamma a nan, a watan Yuni ko Yuli lokacin da Firimiya take hutu, ka bar ƙofa kyauta ranar farko kuma ka samu wanda zai tsaya gefen talabijin yana yi wa mutane bayani.