Amsa ga ɗan'uwan da ke son fara tara tsofaffin littattafan komik

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kana Kano, ka ci karo da labarin wani tsohon littafin Superman da aka sayar dala miliyan 6, shi ne kake son ka fara saye ta intanet. Ka kuma ce wani ya ba ka shawara kada ka taɓa komai sai mai maki 9.8 (wato makin da ake ba kyan littafi, cikin 10), kana son sanin ko haka ne, kuma ko harkar tana da riba. Ni ina zaune a Ingila, na daɗe ina tara irin waɗannan littattafai na labarin jarumai cikin zane, don haka bari in faɗa maka abin da na gani. Ka yi haƙuri, zai ɗan yi tsawo.

Wanda ya ba ka shawarar 9.8 rabin magana ya faɗa maka. Makin shi kaɗai ba ya kawo kuɗi. Abin da ke kawo kuɗi shi ne a ce littafin ana nemansa, sannan masu kyansa sun yi ƙaranci a duniya. Littafin da ka ji labarinsa, Action Comics na 1, wanda ya fito a 1938 ɗauke da Superman karon farko, makinsa 8.5 ne, ko 9 bai kai ba, kuma shi ne kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar dala miliyan 6 a watan Afrilun 2024. A lokacin da ya fito santi 10 ake sayar da shi. An buga kusan kwafi 200,000, amma waɗanda aka san suna nan yau ba su wuce ɗari ko makamancin haka ba. Takardar jarida ce mai arha, yara ne ke saye su karanta su naɗe su cusa a aljihu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka riƙa bi gida-gida a Amurka ana tattara tsofaffin takardu don a sake sarrafawa, littattafan suka bi. Bayan yaƙi kuma aka yi ta kamfen cewa suna lalata tarbiyyar yara, har wasu garuruwa suka tara su suka cinna musu wuta. Wanda ya tsallake duk wannan da bangonsa lafiya, ai dole ya yi tsada.

Yanzu ka dubi X-Men na 1 na shekarar 1991, wanda Jim Lee ya zana. An sayar da fiye da kwafi miliyan 8. A lokacin kowa ya riga ya ji cewa tsohon komik kuɗi ne, sai mutane suka riƙa sayen biyar-biyar, goma-goma, suna zubawa a leda ko buɗewa ba su yi ba. Haka aka yi da fitowar mutuwar Superman a ƙarshen 1992. Yau mai 9.8 na irin waɗannan ya cika kasuwa, wani lokacin kuɗin da za ka biya a tantance maka shi da kuɗin aikawa sun kusa kamo farashinsa. Wannan rububin ne ya fashe, shaguna da yawa suka rufe, Marvel kanta, mai buga X-Men, ta shiga kotun fatara a Disambar 1996. Saboda haka idan ka ga 9.8, tambayar farko ita ce: guda nawa ne irinsa?

Amsar ba ta da wuyar samu. Kamfanin CGC da ke Sarasota a jihar Florida, wanda ya fara wannan aiki a shekarar 2000, shi ne ya fi shahara wajen ba da maki. Ana aika musu littafi, su duba, su ba shi lamba daga 0.5 zuwa 10, su rufe shi a gidan roba mai tauri da takarda a sama. Suna da ƙididdiga a shafinsu da ke nuna kwafi nawa suka taɓa bai wa kowane maki. Akwai kuma CBCS da ya zo a 2014, aikinsa ba laifi, sai dai a kasuwa na CGC ya fi saurin tafiya. Kafin ka biya ko sisi, buɗe ƙididdigar nan. Idan ka ga dubban kwafi a 9.8, ka san ba abin ajiya ka samu ba.

Launin takardar da ke saman robar ya ma fi lambar muhimmanci, kuma nan ne sababbin shiga suke ƙonewa. Shuɗiya tana nufin littafin yana nan yadda yake, ba a yi masa kwaskwarima ba. Mai launin shunayya tana nufin an yi masa kwaskwarima: an shafa launi inda ya goge, an liƙe yagewa, ko an ƙara takarda inda ta guntule. Koriya tana nufin akwai wani babban aibu guda da aka ajiye gefe aka ba da maki a kan sauran. Rawaya kuma ta sa hannu ce, wato marubucin ko mai zanen ya sa hannu a gaban wakilinsu. Za ka ga littafi mai shunayya da maki 8.0 yana walƙiya, farashinsa kuma ƙasa da na mai shuɗiya 5.0, ka ɗauka ka yi tsintuwa. Kamar motar da ta yi hatsari aka yi mata gyaran jiki da sabon fenti ce; tana da kyan gani, amma ranar sayarwa dillali zai gaya maka gaskiya.

A kan koriyar, ga abin da na gani da idona a wani taron masu saye da sayarwa a nan. Wani dattijo ya shimfiɗa kayansa a teburi, cikinsu akwai Incredible Hulk na 181, na 1974, wanda Wolverine ya fara fitowa sosai a cikinsa. Bangon ja wur, kusurwoyi a tsaye, ba a rufe shi a roba ba. Wani saurayi har ya zaro kati zai biya, sai na kusa da shi ya ce a buɗe ciki tukuna. Mai kayan ya wanke hannu, ya kwantar da littafin a tafinsa, yana ɗaga shafi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Can ciki sai ga rami mai kusurwa huɗu, an yanke shi tsaf da almakashi. A shekarun nan Marvel tana buga wani ɗan hoto kamar kan sarki a cikin littattafanta, yara su yanke su manna a wani ɗan kundi. Yaron da ya yanke wancan shekara hamsin da suka wuce ya tafi da babban kaso na kuɗin littafin. Dattijon ya ce shi ma bai lura ba, Allah ne masani.

Shi ya sa nake cewa ka koyi duba littafi da idonka kafin ka dogara da lambar wani. Ga yadda nake yi idan littafi ya zo hannuna ba a rufe ba. Ina fara shinshina shi. Warin danshi ko tsami-tsami alama ce takardar ta fara ruɓewa. Sai in karkata shi a gaban fitila in bi gefen naɗin, wajen da fil biyu suka riƙe shi, ina neman 'yan tsage-tsagen da suka fasa launi har fari ya bayyana. Guda ɗaya ko biyu sun isa su sauko da littafi daga 9.8. Fil ɗin kansu ina duba ko sun yi tsatsa, ko tsatsar ta ci takarda, ko kuma an taɓa zare su an mayar. Na shekarun 1960 da 1970 yawanci shafi 32 ne ban da bango, wato ganye 8 kafin tsakiya, 8 bayanta, kuma ina ƙirgawa, domin ganyen tsakiya ne ya fi ɓacewa. Daga nan in kashe wuta in haska 'yar tocilan mai shuɗin haske, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Sau da yawa inda aka shafa launi ko aka sa gam yakan fito daban. Idan da alƙalamin maka aka shafa launin, duba bayan bangon, za ka ga tawadar ta ratsa. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne wanda aka aske wa gefe da reza don ya yi kaifi. Tsofaffin littattafan Marvel na farkon shekarun 1960 sun shahara da ɓarewar gefen bango, don haka idan na ga ɗaya gefensa sumul fiye da kima, sai in ɗora shi a kan wani na zamaninsa in gwada faɗi.

Guga kuwa, wato a sa littafi a injin zafi a miƙe lanƙwasarsa, CGC ba ta ɗaukar ta a matsayin kwaskwarima. Masu tarawa sun daɗe suna gardama a kai. Ni dai ban ga laifinta ba, amma ka sani cewa yawancin manyan makin da kake gani yau sun sha guga, kuma hakan na ƙara yawan masu 9.6 da 9.8 kowace shekara.

Robar ma ba a ce a rufe ido ba. A ƙarshen 2023 an gano wasu suna buɗe gidan robar su musanya littafin da wanda bai kai shi ba, har CGC ta fitar da jerin lambobin da abin ya shafa. Kowace roba tana da lambar shaida. Shigar da ita a shafinsu, ka gwada hoton da ke can da wanda mai sayarwa ya nuna maka. Sannan ka yi hattara da sake bugu. A 1974 DC, mai buga Superman, ta sake buga Action Comics na 1 a babban girma da ƙarin bango a waje, har yau akwai masu cire bangon wajen su ce na asali ne suka gada wurin kaka. Duk wanda ya turo maka saƙo a Facebook yana da irin wannan a dala dubu biyu, ka yi masa fatan alheri ka wuce.

To me zan saya da ina matsayinka? Littafi mai tarihi, mai shuɗiyar takarda, a maki na tsakiya, tsakanin 4.0 da 6.5, wanda shafukansa ba su yi ja ba. Misali Fantastic Four na 52, na 1966, inda Black Panther ya fara fitowa, ko Amazing Spider-Man na 129 na 1974 mai Punisher, ko Giant-Size X-Men na 1 na 1975. Irin waɗannan ko yaushe akwai mai nema. Amazing Fantasy na 15, farkon Spider-Man a 1962, mai 9.6 ya kai dala miliyan 3.6 a 2021, wannan na manya ne, mu kallo muke yi. Wata dabara da mu na Ingila muke mora ita ce kwafin da aka buga wa farashin peni a bango maimakon santi. A Amurka aka buga su tare da sauran, don kasuwar Birtaniya, ba sake bugu ba ne, kuma sun fi ƙaranci, amma galibi sun fi arha saboda Amurkawa sun fi son nasu.

Farashi kuma kada ka kalli abin da mai kaya ya rubuta. Duba abin da aka riga aka saya a eBay, ko a shafuka irin su GPAnalysis da GoCollect. Littafin farashi na Overstreet da ake fitarwa tun 1970 yana da amfani wajen sanin tarihi, amma kasuwa ta fi shi gudu. A wasu gidajen gwanjo kuma akwai la'adar mai saye, kusan kashi 20 cikin 100 a kan abin da ka taya, ka sa ta a lissafi tun kafin ka ɗaga hannu.

Abin da ya fi damuna da batunka shi ne Kano kanta. Tarin da ya fi kowane suna a wannan harka na Edgar Church ne, wani mai zane a birnin Denver da ya jibge dubban littattafai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, Chuck Rozanski ya saye su a 1977. Sun fito kamar jiya aka buga su saboda wurin da sanyi, da duhu, ga iskar garin a bushe. Kai kuma kana da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sai damina ta zo da danshi, sai hunturu ya busar da komai ƙayau, ga ƙura, ga gara da kyankyasai. Wannan hawa da saukar ita ke sa takarda ta yi ja ta fara karyewa, fil kuma ya yi tsatsa. Gidan robar CGC ba ya hana iska shiga ɗungurungum. Idan ka kawo su gida, sai ka samu akwati mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi, kana sauya su, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bango da ƙasa da taga. Waɗanda ba a rufe ba a sa su a ledar Mylar da kwali marar asid, a jera su a tsaye. Kada ka rataye a falo don ado, hasken rana yana cinye jan launi da wuri.

Batun riba, ba zan ɓoye maka ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021 lokacin korona, daga 2022 kuma ya zube, waɗanda suka saya a ƙololuwa da yawansu har yanzu ba su mayar da uwar kuɗi ba. Kai kuma da dala za ka saya, ka biya jirgi da inshora da kwastan, ranar sayarwa kuma masu sayen suna Amurka da Turai, sai ka sake biyan jirgi da la'adar dillali. Littafin sai ya tashi sosai kafin ka fita da wani abu. In kana da ɗan'uwa amintacce a waje, gara ya riƙe maka masu tsadar a can.

Ni da za ka ji tawa, ka fara da littattafan shekarun 1970 guda biyar ko shida marasa tsada, waɗanda ba a rufe ba. Ka karanta su, ka ba kowanne maki da kanka ka rubuta, sannan ka gwada da hotunan waɗanda CGC ta tantance. Idan ka ga hasashenka ya fara zuwa kusa da nasu, sai ka nemi babba guda ɗaya. In ka samu wanda ya kwanta maka, turo hoton gaba da baya da lambar shaidar a nan kafin ka biya, mu taya ka dubawa.