Lambobin rasit da ke bin juna: yaya zan tattara su?

Tambaya: Malam, ina aiki a ofishin kuɗi na wata makaranta. Ina da lambobin rasit sama da dubu a Excel, an jera su daga ƙarama zuwa babba, amma akwai giɓi a tsakani. Shugabana yana so in taƙaita masa su kamar haka: 101-105, 108, 110-113. Da ido zan yi ta bi? — Mai karatu daga Katsina

Amsa: A'a ɗan'uwa, kada ka wahalar da idonka. Tunda lambobin a jere suke, aiki ya zo da sauƙi. Kowace lamba za ta dubi wadda ke samanta kawai. Idan tazararsu 1 ce, 'yan ɗaki ɗaya ne. Idan ta wuce haka, an tsallake wani abu, sai a buɗe sabon rukuni.

Mu ce lambobinka sun fara daga A1. Rubuta 1 a B1, sannan a B2 ka sa =IF(A2-A1=1,B1,B1+1) ka ja shi har ƙasa. Duk waɗanda suka samu lamba iri ɗaya a layin B rukuni ɗaya ne. Farkon kowane rukuni da ƙarshensa kuwa MINIFS da MAXIFS za su fitar maka, in Excel ɗinka na 2019 ne ko wanda ya biyo baya. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Excel na Faransanci, SI za ku rubuta a madadin IF, kuma alamar (;) ce ke raba sassan.

Akwai wata dabara da ta fi burge ni, wadda masu aiki da SQL (harshen kwamfuta na sarrafa ma'ajiyar bayanai) suka daɗe suna amfani da ita: ka cire matsayin lamba daga ita kanta lambar. 101 ce ta farko, saura 100. 105 ce ta biyar, saura 100 ɗin dai. Amma 108 ta shida ce, saura 102, ka ga ta fita daga cikinsu. Dalili shi ne muddin ba giɓi, lamba da matsayinta tare suke hawa, taki ɗaya-ɗaya. Ko ta wace hanya ka bi, sau ɗaya tak ake ratsa jerin, don haka dubu ba komai ba ce.

Abin da ke ɓata lissafin shi ne lamba ta fito sau biyu. Akwai Remove Duplicates a ƙarƙashin Data, amma kada ka yi gaggawar danna shi. Rasit biyu masu lamba ɗaya a ofishin kuɗi, ai wannan sai shugaba ya gani kafin a share.