Tambaya da Amsa: Me 'yar sa-kai za ta gaya wa iyaye kan lambar zazzaɓin cizon sauro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar sa-kai ce ta kiwon lafiya a unguwar Bagalam, Maraɗi, kuma ina cikin masu bin gida-gida wajen rabon maganin damina, wato maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro lokacin damina. Za a ba mu horo kan allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Iyaye mata suna tambayata ko yaron da aka yi wa lambar ya huta da sange da maganin damina. Me zan ce musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri. Ki gaya musu gaskiya: allurar tana rage kamuwa da zazzaɓin, tana kuma rage tsananinsa, amma ba ta kare yaro ɗari bisa ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar mai suna RTS,S a 2021, da wata mai suna R21 a 2023, kuma a Gana da Kenya da Malawi, inda aka yi wa yara fiye da miliyan 2 tun daga 2019, mace-macen ƙananan yara sun ragu da kashi 13 cikin ɗari. Nijar ta ƙaddamar da tata a Gaya a watan Satumba na 2024. Binciken da aka yi a Mali da Burkina Faso ya nuna cewa haɗa allurar da maganin damina ya fi kowane ɗayansu shi kaɗai kare yara, saboda haka sange yana nan, magani ma yana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne allura ta huɗu. Sau huɗu ake yin lambar, kuma ta ƙarshen tana zuwa bayan watanni, lokacin da yaro ya fara tafiya, uwa kuma ta daina zuwa awo, ta ajiye karnen, wato katin lambar yaro, a ƙasan akwati. A wurin horon ki nace a koya muku karanta karne, yadda za ki buɗe shi a tsakar gida ki ɗora yatsa kan gurbin da ba a cike ba, ki faɗa wa uwa ranar komawa likita. Ki nemi a ba ku jadawalin watannin a rubuce.

Ki sanar da su tun kafin a yi allurar cewa jikin yaro kan yi ɗan zafi, wurin kuma kan kumbura na kwana ɗaya ko biyu, domin uwar da ba a gaya wa ba, da wuya ta koma. Idan zafin ya daɗe ko yaro ya suma, a kai shi likita nan take. Kada ki bar maigida da kaka a baya wajen bayanin, don a gidaje da yawa izinin fita da kuɗin kabu-kabu a hannunsu suke.