Lasifikan baya sun yi shiru, mai gyara ya ɗaure su a kan na gaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Yelwa, Garwa. Marigayi yayana ya bar mini tsohuwar amfilifaya mai lasifika biyar da wufa (lasifikar sauti mai kauri), irin wadda ba ta da kafar HDMI. Na sayi na'urar Blu-ray ta hannu, na jona su da jar waya da fara, amma lasifikan gaba biyu ne kaɗai ke magana. Wani mai gyara ya ce hanyar baya ta ƙone, sai ya ɗaure wayoyin na baya a kan na gaba. Yanzu duk suna ƙara, sai dai amfilifayar tana zafi har ba ta taɓuwa, tana kuma ɗaukewa da kanta. Hankalina ya tashi, don ita ce abin da nake tunawa da shi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Kafin komai, Malam, zare amfilifayar daga wuta ka kwance wannan ɗaurin yau ɗin nan, ka mayar da kowace waya gurbinta.

Da wuya a ce hanyar baya ta ƙone. Jar waya da fara hanya biyu kawai suke ɗauka, hagu da dama, ko da faifan na da shida. Duba bayan na'urar da bayan amfilifayar, ka nemi kafa mai kusurwa da ɗan murfi wadda aka rubuta wa OPTICAL, ko zagayayya guda ɗaya mai rubutun COAXIAL, galibi ruwan lemo. Kowacce ka samu a duka biyun ta isa. In COAXIAL ce, rawayar wayar bidiyo da ke kwance a akwatinka za ta yi aiki, don ita ma om 75 ce (om shi ne ma'aunin turjiya ga wutar lantarki). Daga nan shiga saitin sauti na na'urar ka sauya daga PCM zuwa Bitstream. Wasu ƙananan na'urori RAW suke rubutawa. Nan ne mutane suka fi faɗuwa, domin a kan PCM hanya biyu ce za ta bi wayar komai tsadarta. Idan ka dace, fuskar amfilifayar za ta nuna Dolby Digital ko DTS, wato nau'o'in sautin da ke ɗauke da duk hanyoyin shida. Sabbin nau'o'in sauti irin TrueHD da DTS-HD ba sa bin wannan waya, amma faifan na ɗauke da tsohon nau'in tare da su, kuma shi ma cikakken 5.1 ne, wato lasifika biyar da wufa. In kuwa na'urar HDMI kaɗai gare ta, akwai ɗan akwatin da ke zare sauti daga HDMI ya fitar da shi ta OPTICAL. Bi ta talabijin ba tabbas, da yawansu suna matse sautin ya koma hanya biyu.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an shigo mini shago da maganar nan cewa wai sautin kewaye shi ne duk lasifika su riƙa ihu lokaci guda. Ba haka ba ne. Maganar 'yan wasa daga lasifikar tsakiya take fitowa. Na baya aikinsu ruwan sama ne, hayaniyar kasuwa, motar da ta wuce ta bayanka. Za su iya yin minti goma ba ka ji motsinsu sosai ba, kuma lafiyarsu ƙalau. Amma da mai kaya ya kara kunne ya ji shiru, sai ya ruga wurin wanda jiya yake gyaran tocila, yau ya zama injiniya. Shi kuma ya murɗe wayoyi biyu a kan kusa ɗaya, ya ƙure murya, ya karɓi kuɗinsa.

Lissafin ba wuya. Lasifika biyu masu om 8 in aka ɗaure su haka sun koma om 4. Masu om 6 sun koma 3. Leƙa bayan amfilifayarka, za ka ga an rubuta mafi ƙarancin da take ɗauka, yawanci 6 ko 8. Wato kana tilasta mata jan wutar da za ta iya kai ninki biyu na abin da aka gina ta a kai, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan shan iska, ga ƙyallen ado da aka lulluɓa mata. Ɗaukewar da take yi kariya ce da masu ƙera ta suka sa, tana ceton kanta. To abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mataki na gaba. In ka koma ka ce tana ɗaukewa, mai gyaran zai buɗe ta ya tsallake kariyar, ko ya cire fis ya naɗa zaren tagulla a gurbinsa. Na sha buɗe irin waɗannan, in tarar da allon ya yi baƙi ƙirin, robar waya ta narke ta manne da ƙarfe, warin ƙuna ya cika shago. Wannan kaya a falo yake, kusa da labule da katifa, inda yara ke kwana. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya cire masa fis ya ci amana, kuma in gobara ta tashi da hannunsa a ciki. Masu wannan aiki ku ji tsoron Allah, in ba ku gane matsala ba ku ce ba ku gane ba. Kuma duk wannan kasada ba ta haifar da sautin kewaye ko kaɗan, sautin gaba ne kawai aka maimaita a baya.

Sai kuma faifan kansa. VCD hanya biyu ce tun asali. Faifan nan na bakin kasuwa da ake cusa fim goma a ciki, shi ma yawanci haka, ko da an buga 5.1 a jikin kwali. Ga irin waɗannan, danna Pro Logic a amfilifayar, za ta rarraba abin da ya samu zuwa tsakiya da baya ba tare da ta wahala ba.

Bayan ka kwance ɗaurin, nemi maɓallin TEST a rimot. Za ka ji wani shuuu yana zagayawa daga lasifika zuwa lasifika. In ya iso na baya biyu, hanyarsu na nan da rai. In kuwa ta ci gaba da ɗaukewa bayan an mayar da wayoyin daidai, kada ka sake kunna ta, kai ta wurin mai mita ya auna taransistocin fitarwa, ka kuma tsaya a kansa ka ga fis ɗin da idonka.